Murfin Tankin Baba

Wanda ya ƙirƙiro 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa da ke kunnuwa a gaban direba bai taɓa wuni a gareji ba, na rantse. Fitila guda ce, amma ita ce ta inji ya kusa bugawa, ita ce kuma ta wata 'yar waya ta saki. Ba ta bayani, sai dai ta zuba maka ido. Mutum zai shigo gareji hankali a tashe kamar gidansa ke cin wuta, a jona na'ura, a tarar abin bai taka kara ya karya ba.

A garejin da ke bayan gidan mai, Auta ce ke karanta wa mutane wannan fitila. Auta ake ce mata har yau, ko da yake ta haura arba'in, tana da 'yarta 'yar firamare, kuma ita ke riƙe da wurin tun da Baba ya ajiye sifana. Baba shi ya kafa garejin, shi ya koya mata aiki bayan ɗansa namiji ya nuna bai iya bambance sifana da cokali ba. Ya bar mata komai, in ka ɗebe wata kujerar ƙarfe a bakin ƙofa da ba mai zama a kai sai shi, da kuma bakinsa, wanda ya tafi da shi gida yake dawowa da shi duk sa'ad da ya ga dama.

Abin da ya rage wa Baba a duniya motarsa ce, wata fara da ta ɗan kwana biyu. Da ita yake kai Umma asibiti da kasuwa, da ita yake zaga abokansa da suka rage, da ita yake ɗauko 'yar Auta daga makaranta kullum da rana. Ya sha faɗa a gaban kowa cewa duk ɗan da ya miƙa hannu ga makullin nan, to ya shirya riƙe gidan ma, don shi zai bar musu gidan.

Ran nan da hantsi sai ga shi ya shigo da motar, ya tsaya a tsakiyar gareji, daidai inda ya san ya tare wa kowa hanya.

"Auta, zo ki tambayi wannan abar me take so."

Ta ɗauko na'ura, ta durƙusa, ta jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Lamba ta fito: P0455.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Fetur yana tururi ko yana zaune a tanki. Motocin da can sukan saki tururin a iska, kowa ya shaƙi rabonsa. Na yanzu an hana su. Akwai tiyo da ke jan tururin zuwa wani gwangwani cike da gawayi, gawayin ya riƙe shi, in inji ya yi zafi wani bawul da ke gaba ya buɗe, inji ya zuƙe tururin ya ƙone. Akwai wani bawul ɗin a baya, kusa da gwangwanin. Lokaci zuwa lokaci motar takan rufe duk ƙofofin nan, ta saurara ta ji ko akwai inda ke shan iska. In ta ji, sai ta kunna fitila. Lambar da ta fito wa Baba ma'anarta babban yoyo. Mota ba ta tsayawa saboda shi, ba ta tari, ba ta komai. Fitilar ce kawai za ta ishe ka da kallo.

Ko wanda ya fara kanikanci jiya ya san inda ake fara dubawa. Auta ta zaga baya, ta buɗe 'yar ƙofar tanki, ta kama murfin ta murɗa. Ya ƙara tafiya kusan rabin zagaye kafin ya yi ƙas, ƙas, ƙas.

"Baba, murfin ne bai rufu ba."

"Murfin wa?"

"Na tankinka."

"Wa ya rufe shi?"

Kowa ya san amsar. Baba bai taɓa barin kowa ya taɓa masa murfin tanki ba. In ya je shan mai, shi zai fito ya buɗe, shi zai rufe. Bai tsaya nan ba ma. Baba bai yarda da gejin mai ba, ya ce ƙarya ce sana'arsa. Kullum da safe sai ya buɗe murfin, ya kara kunne a bakin tanki, ya jijjiga motar da kafaɗa, ya saurari motsin fetur, sannan ya yanke hukuncin abin da ke ciki. Haka yake yi tun kafin a haifi Auta.

"To, murfin ya mutu," in ji shi. "Robar ta ci. Canza shi."

Ta duba robar, lafiyarta ƙalau. Amma ba a jayayya da Baba a kan murfi. Ta sa sabo, ta goge lambar, fitilar ta mutu. Ya shiga mota yana mitar cewa kayan yanzu ba su da auki.

Ba a yi sati ba ya dawo. Fitila na ci, lamba ita ce dai. Ranar ana zafi, sai Auta ta ɗauko masa gorar ruwa mai sanyi ta miƙa masa a kujerarsa, ta zaga bayan motar. Ta taɓa sabon murfin da yatsa. Ya motsa. Haushi ya taso mata, ta ɗago za ta yi magana, sai idonta ya kai kan Baba.

Ya matse gorar tsakanin gwiwoyinsa yana ƙoƙarin buɗe ta. Hannun hagunsa dama ba abin kirki ba ne, fambel, belin nan na inji, ya cinye masa yatsu biyu tun Auta tana goye. Na dama shi ne hannun. Shi ne hannun da ya taɓa kwance noti ba sifana don kawai ya kunyata wani direba. Yanzu ga shi a kan murfin gora, yatsun suna zamewa suna rawa, murfin ko gezau. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ajiye gorar a ƙasa ya zura hannun cikin aljihu.

"Ba na jin ƙishi," ya ce, ba tare da an tambaye shi ba.

Tsoro Auta ta ji, tsoro na gaske. Ta tsaya riƙe da murfin tanki, tana ganin amsar duka a tafin hannunta. In ta ce murfi ne, ta ce hannu ne. In ta ce hannu ne, wanta, Yaya, zai ji, kuma Yaya ya daɗe yana jiran dalilin karɓe makullin.

Sai ta yi tari mai ƙarfi, a cikin tarin ta murɗa murfin ya yi ƙas ɗinsa.

"Baba, bawul ɗin gaba nake zargi."

Ya dube ta, kallo mai ɗan tsawo.

"Ni ma shi nake zargi," ya ce.

Ta buɗe gaban mota ta ciro bawul ɗin. Gwajinsa ba wuya: in ka hura iska ta wuce, ya mutu, in ta tsaya, yana da lafiya. Baba ya karɓa ya sa a baki ya hura. Kumatunsa suka cika tam, idanunsa suka yi ja, ko ɗigon iska bai wuce ba. Ya cire shi daga baki, ya juya shi a hannu.

"Ya mutu murus," in ji Baba.

"Murus," in ji Auta.

Ta sa sabo. Tsohon ta jefa shi a wani kwali da ke ƙarƙashin tebur. A nan ta gane Baba ya sani, kuma ya gane ita ma ta sani, kuma ba wanda zai riga wani.

Haka suka buɗe wani sabon kanikanci da ba a koyar da shi a ko'ina. Fitila ta kunnu, Baba ya zo, Auta ta yi tari. Ma'aikatan garejin har suka fara ba ta shawarar ta je a duba mata ƙirji. Zuwan da ya biyo baya bawul ɗin baya ne ya sha laifi. Daga shi sai tiyo. Suka tsaya su biyu a ƙarƙashin motar da aka ɗaga, Baba na haska tocila a kan wani tiyo sumul da ko ƙwarzane babu.

"Kin ga tsagar?"

"Na gani."

"Siririya ce. Ba kowa zai gani ba."

"Ai sai mai ido, Baba."

Ranar gwangwanin gawayi kuwa, Baba ya rungume shi a ƙirji ya girgiza, ya ce ya sha fetur ya ƙoshi. Gwangwanin a bushe yake ƙamas. Ya ƙara da cewa laifin masu cika tanki ne har baki bayan famfo ya tsaya, ya yi wa duk garejin huɗuba a kan haka, huɗubar kuma gaskiya ce, sai dai ba ta shafi motarsa ba. Kwalin ƙarƙashin tebur ya fara cika da kaya masu lafiya fiye da na motocin rabin masu zuwa wurin.

Kada a ce Auta ta zauna ta naɗe hannu. Ta shafa wa robar murfin ɗan giris don ya yi saurin juyawa. Ta nemo wani murfi mai manyan kunnuwa da ake kamawa da tafin hannu, ta ce masa shi ake yayi. Ta roƙe shi ya bar buɗe tanki da safe, ta ce ta gwada gejin da kanta, gaskiya yake faɗa.

"Yau ya faɗi gaskiya," in ji Baba. "Gobe fa?"

Ta koma biyawa ta gida da sassafe da sunan gaisuwa, ta murɗa murfin a fakaice kafin ta wuce aiki. Sai Baba ya mayar da sauraron tankinsa bayan tafiyarta. Wani lokaci ji take kamar ta ɗauki sifana ta buga kanta da shi. A ɗaya daga cikin waɗannan gaisuwa Umma ta ja ta kicin, ta ce mata a hankali yanzu ita ke ɓalla masa maɓallin riga, kuma da ta ambaci likita sai ya yi kwana biyu ba ya yi mata magana.

"Ke dai kada ki ce na faɗa miki," in ji Umma.

Gidan nan kowa ya sani, kowa kuma yana roƙon kada a ce ya faɗa. Yaya ne kaɗai bai iya wannan ba. Yaya mutumin ofis ne, magana a wurinsa kamar tsakuwa take, in ta zo baki sai ya tofar. Ya kira ta a waya.

"Auta, me ke damun motar Baba ne kullum tana wurinki?"

"Tururin fetur ne ke yoyo."

"Wata nawa ana yoyo ɗaya? Ke, ni ba yaro ba ne. Na ga yadda yake riƙe kofi. Ke ce kike ganin motar. In akwai wata alama, ki faɗa mini, ranar Asabar in zo in karɓi makullin, a wuce wurin."

"In ka karɓa za ka riƙe gidan?"

"Faɗa yake kawai."

"Kai ka san ba faɗa yake kawai ba."

Yaya ya yi tsaki. Ta san ba mugunta ce ke sa shi ba, shi ma tsoro ne, sai dai nasa tsoron da ihu yake fita. Ta kuma san yadda zai yi abin: a tsakiyar falo, gaban Umma, da hannu a miƙe. Baba ba zai tashi daga wannan ba. Ta ce masa matsalar mota ce, ta kashe wayar, ta zauna tana jin haushin kanta.

Abin da ya tsayar da wasan ba Yaya ba ne. Wata yamma Auta ta dawo gida, 'yarta na cin abinci, sai yarinyar ta ce da dariya:

"Mama, yau Kaka ya hau gefen titi da mota a shataletale. Sitiyari ya kuɓuce masa. Ya ce titin ne ya matso."

"Kin ji ciwo?"

"A'a. Daɗi ma na ji, kamar lilo."

Auta ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa, ta buɗe famfo, ta yi kuka. Ba Baba take tausayi a lokacin ba, kanta take tsoro. Wata da watanni tana canza kaya masu lafiya tana tari, kullum da rana kuma tana barin 'yarta ta shiga motar da hannun da ba ya iya buɗe gora ke tuƙawa. Ta wanke fuska ta fito ta ce wa yarinyar ta ƙarasa abincinta.

Washegari ta kira makaranta ta ce ita za ta riƙa zuwa ɗaukar yarinyar. Kafin azahar sai ga Baba, fitila na ci. A bakin tayar gaba ta dama akwai sabuwar gurzawa, ƙarfen ya yi fari. Ya fito ya tsaya daidai gabanta, yadda rigarsa za ta rufe wurin.

"Ta sake kunnuwa. Yau me ya rage?"

Auta ta yi lissafi da yatsu, ba don ba ta sani ba.

"Babu, Baba. Bawul biyu sababbi. Tiyo sabo daga gaba har baya. Gwangwani sabo. Ma'aunin iskar tanki sabo. Wuyan tanki ma mun canza."

"Tankin fa?"

"Ba zan sauke tanki mai lafiya ba."

Wannan ne karo na farko da ta kira wani abu na motar nan mai lafiya. Baba ya ji, ya kau da kai.

Ta sallami ma'aikatanta biyu su je cin abinci, ta ce kada su yi sauri. Ta ja ƙofar gareji ta rufe rabi, don hayaki ya fi fitowa a inuwa. Ta jawo injin hayaki. Aikinsa mai sauƙi ne: a rufe bawul ɗin baya, a tura farin hayaki cikin tiyon tururi, a tsaya a gani. Duk inda ke yoyo, nan hayaki zai fito, ba ruwansa da shekarun mai mota. Tun farkon wannan rigima Baba bai taɓa cewa a sa hayaki ba, ita ma ba ta taɓa kawo zancen ba, alhali shi ya kamata a yi tun zuwa na biyu.

Ta jona, ta kunna. Sannan ta zaga baya, ta kwance murfin tankin gaba ɗaya. Hayaki ya fara tasowa daga bakin tanki. Ta miƙa wa Baba murfin.

"Baba, rufe mana."

"Hannunki ya karye ne?"

"Ai ba ka barin kowa ya rufe maka."

Ya tsaya yana kallon murfin a hannunta. Ta ga yana neman abin faɗa, shi da bai taɓa rasawa ba. Daga ƙarshe ya karɓa. Ya ɗora shi a bakin tanki, ya murɗa. Ya ƙara da hannun hagu a kan na dama, ya cije leɓe, ya sa kafaɗa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Murfin ya tafi har inda ya saba tsayawa, ya tsaya. Hayakin ya ragu, amma bai daina ba. Siriri yake fitowa ta gefen murfin, yana bi ta tsakanin yatsun Baba yana hawa sama.

Ya sake gwadawa. Auta ta kalli ƙasa, tana addu'a a zuci, ita kanta ba ta san me take roƙo ba.

Da ya saki, sai ta miƙa hannu ta murɗa. Ba ta yi tari ba. Ƙas, ƙas, ƙas. Hayakin ya ɗauke.

Suka tsaya, ba abin da ake ji sai gurnanin injin hayaki. Ta je ta kashe shi. Baba ya taka a hankali zuwa kujerar ƙarfe ya zauna, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa yana kallonsu kamar wasu kaya da aka kawo masa gyara.

"Tun zuwa na biyu ya kamata ki sa hayaki," ya ce. "Ba haka na koya miki ba."

"Na yi kuskure."

"Kin yi."

Sannan ya ce, "Yarinyar ta faɗa miki?"

"Ta faɗa."

"Na ce mata kada ta faɗa. Ba ta da riƙo. Ke ta biyo."

Auta ta san ƙarya yake, don riƙonta ne ya kawo su nan. Ta ɗauki tsumma tana goge hannun da ba shi da datti.

"Yayanki zai zo Asabar?"

"In na kira shi."

"Kada ki kira shi."

Ya tashi, ya zaga motar sau ɗaya, yana dubanta yadda yake duban motar baƙo. Ya tsaya a bakin tayar da ta gurzu, bai ƙara rufe ta da riga ba. Ya laluba aljihu, da ƙyar yatsun suka kamo makullin. Bai miƙa mata ba. Ya buɗe ƙofar direba ya ajiye shi a kan kujera, yadda masu kawo gyara ke yi.

"Motar nan ba ta da lafiya," ya ce. "Ki tura ta can lungu, ki ɗora ta a kan jak, ki cire tayar baya. Duk wanda ya tambaya, kaya muke jira."

"Wane kaya?"

"Ke ce makanike. Nemo wanda ba a samu."

Ta gyaɗa kai. Ta ce za ta kai shi gida, ya ce ƙafarsa ba ta lalace ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa yana bin gefen titi da hannu a aljihu, har ya sha kwanar gidan mai.

Da yamma ta kira Yaya ta ce motar Baba ta kwanta, ana jiran kaya, ba a san ranar zuwansa ba. Yaya bai yi ihu ba, abin da ba halinsa ba. Can ya ce, "To, Allah ya kawo kayan," ya ƙara da cewa shi zai riƙa kai Umma asibiti. Ashe shi ma ya iya, bai dai taɓa samun wanda ya nuna masa hanya ba. A zuwa na biyu da ya kai Umma, Baba ya bi su wai don ya nuna masa inda ake ajiye mota, kuma aka ce an gan shi ya shiga ɗakin likita ya daɗe.

Wanda ya sha wuyar wannan shiri Auta ce. Baba ya mayar da zuwa gareji aikinsa na kullum. Zai zo da hantsi a ƙafa, ya zauna a kujerarsa, ya jira sai wuri ya cika da masu gyara, sannan ya ɗaga murya.

"Auta! Har yanzu kayan bai iso ba?"

"Bai iso ba, Baba."

"Kun gani ko? Makaniken zamani. Motar ubanta ma ta gagare ta. Ni a lokacina da yanzu na ƙera shi da hannu."

Mutane su yi dariya, wasu su dube ta da tausayi, wasu da shakka. Akwai wata mata da ta ɗauke motarta ta kai wani garejin saboda wannan magana, ta ce wadda ta kasa gyara ta ubanta ina za ta iya tata. Auta ta ji ciwon abin, ba ƙarya. Sunan da ta yi shekaru tana ginawa ne Baba ke gutsura kullum da hantsi. Ta bar shi ya gutsura.

Wata rana wani mai sayar da kayan mota ya kawo tasa a duba masa birki. Mutum ne mai kirki da son taimako, irin mutanen da ke jawo masifa ba su sani ba. Ya ji Baba ya yi tambayarsa, ya ji amsar Auta. Ya leƙa lungu, ya dubi farar motar da ƙura ta fara rufewa, ya tafa hannu.

"Haba! Wannan? Ai irinta ce sana'ata. Ba abin da ke jikinta da ba ni da shi a shago, daga gaba har baya. Baba, faɗi sunan kayan kawai, yanzu in buga waya a kawo. Yau ɗin nan za ka koma gida a motarka."

Ya ciro waya yana jira. Auta na sunkuye a kan tayarsa, sifana a hannu, ba ta ɗago ba. Ta san abin da aka miƙo wa Baba, kuma ta san yadda yake so. Kalma ɗaya zai faɗa, kowace ce, ita kuma ba ta da bakin musa masa a gaban mutane.

Baba ya dubi motar. Ya daɗe yana dubanta.

"Naka ba zai shiga ba," ya ce.

"Ai ban ma ji wane ne ba, Baba."

"Na ce ba zai shiga ba. Auta, zai shiga?"

"Ba zai shiga ba, Baba."

"Ka ji. Ita ta san aikinta."